Bokitin Taki a Baranda

A gidanmu na ƙauye ba a zubar da abinci. Ba wani ne ya kafa doka ba, kawai babu inda abinci zai tafi a banza. Tuwon da ya kwana sai a yi ɗumame da safe. Wanda ya fi ƙarfin ɗumame a gutsuttsura shi a shanya a kan rufin ɗaki, in ya bushe a jiƙa wa awaki da dusa. Ƙanzo na kaji ne idan yara sun bari. Ɓawon albasa da toka da sharar tsakar gida su tafi juji a bayan danga, su zauna can har bazara, Baba ya zo da jaki da mangala ya kwashe zuwa gona. Idan ƙwayar hatsi ta faɗi ƙasa, Inna sai ta sunkuya ta tsince ko da goyo a bayanta, ta ce mana abin da muka ci da abin da muka wulaƙanta duk za a tambaye mu. A cikin 'ya'yanta na fi kowa riƙe maganar nan. Dama ni mai yawan wasi-wasi ce. Nakan sake alwala don na yi shakkar ko ruwa ya taɓa diddigena, nakan koma in duba murhu bayan na riga na duba.

Da maigidana ya sami tallafin ƙaro karatu, muka zo Kuala Lumpur da 'yarmu tana goye. Muka kama gida a unguwar Danau Kota, hawa na sha ɗaya. A ƙarshen kowane hawa akwai ɗan ɗakin shara da babbar durom a ciki. Ranar farko da na shiga na tarar da farar shinkafa, mai yawa, an juye ta a kan famfas ɗin yara. Na fito da ledata a hannu ban zubar ba.

Da farko abin bai dame ni sosai ba, don akwai ɗalibai 'yan ƙasarmu waɗanda ba su zo da iyali ba. Sukan biyo Malam, wato maigidana, bayan sallar Juma'a ko da yamma, kuma ba sa barin komai a tukunya, har ƙanzon sai sun kankare suna yi wa juna tsiya. Ɓawon kayan miya kawai nake kaiwa ɗakin shara, shi ma a ledarsa daban.

Sai korona ta zo, aka yi kulle, ƙafa ta ɗauke. Hannuna kuwa bai saba da ƙaramar tukunya ba. Ko na rage awo sai an bar saura, ga yarinya ta fara cin abinci da kanta, ta ci rabi ta dama rabi da ruwa da yawu. Na riƙa cinye ragowarta har cikina ya fara ciwo. Na gwada shanya tuwo a faranti a baranda kamar yadda muke yi a gida. Iskar garin nan jiƙaƙƙiya ce, ko rana ta fito. Tuwon bai bushe ba, fumfuna ce ta rufe shi, kore da baƙi. Na zauna ina kallonsa ina tunanin yanzu na lalata shi sau biyu ke nan.

Na kira Inna na faɗa mata. Ta tambaye ni ko babu mai kaji a unguwar, na ce babu. Ta tambaya ko babu juji, na ce Inna, ko ƙasa ba ma takawa sai mun sauka a lif. Ta ce to in yi nawa jujin mana, abin da ya koma ƙasa ai ba a wulaƙanta shi ba.

Haka aka yi bokitin. Babban bokitin fenti ne mai murfi, Malam ya samo a wurin ajiye motoci ya wanke. Na ɗora ƙusa a wuta na huda gindinsa, na sa tsohon tire a ƙarƙashi don ya tare ruwa. Malam ya sayo ƙasar shuka leda ɗaya a kedai, wato kantin da ke ƙasan bene, muka shimfiɗa a ƙasa. Tun ranar ya sa mini suna Sarkin Noma. In ya ga na nufi baranda da kwano sai ya ce, "Ranka ya daɗe, a gaida talakawa."

Inna ta ce in riƙa zuba masa ruwan wanke-wanke, don haka Baba yake sa a yi wa juji da rani, in ba haka ba ya bushe ya ƙi ruɓa. Na bi maganarta sau da ƙafa. Ba a jima ba bokitin ya zama kamar kwata. Ɗoyi ya shigo har falo, ƙananan ƙudaje suka cika kicin. Inna ba ta taɓa ganin garin da kaya ke kwana a igiya su wayi gari da danshi ba, ni kuma da nake ciki ban yi tunani ba. Malam ya bincika a waya, ya nuna mini wasu Turawa da ke bayanin yadda suke raya takinsu a lokacin hunturu, suna lulluɓe shi don kada sanyi ya kashe shi. Ya ce mu namu hunturun ruwa ne, abin da za mu yi wa bokitin shi ne mu tsare shi daga jiƙa. Abu ɗaya da na ɗauka a wurinsu shi ne duk abin da aka zuba mai ruwa, a bi shi da busasshe.

Busasshen abu kuwa a lokacin kulle kwali ne, don komai a kwali ake kawo shi ƙofa. Na riƙa yayyaga kwali ƙanana-ƙanana da hannu, ina cire duk inda aka manna roba. Wanda ke da rubutun Larabci ko tambarin halal nakan yanke wurin in ajiye daban, don ban san ko da sunan Allah a ciki ba. Toka babu, tunda da gas muke girki, sai 'yar wadda ke fita a kaskon turaren wuta. Ita nake tarawa a gwangwani ina barbaɗawa kamar gishiri. Kullum da safe in juya da tsohuwar muciya, in sa hanci. Hancina ne ma'aunina. In na ji tsami na san ya sha ruwa, in ƙara kwali. In na ji kamar ƙasar da aka yi wa yayyafi, hankalina ya kwanta har zuwa gobe. A hankali gindin bokitin ya yi baƙi, yana ɗumi in na tura hannu. Kulle ya sassauta, ya dawo, ya sake sassautawa, ni dai ban ƙara kai ko cokali ɗaya na abinci ɗakin shara ba.

A shekara ta biyu, da ruwan ƙarshen shekara ya kama, aikin ya ƙaru. Ruwan nan ba ya sauka a miƙe, iska ke kwaso shi ta watsa cikin baranda. Na ja bokitin jikin bango, na rufe shi da tsohon labulen banɗaki, na ɗora turmi a kai. Da na ji tsawa sai in bar abin da nake yi in je in duba, in dawo, in sake komawa. Tiren ƙasa yana cika da baƙin ruwa, sai in juye a masai kafin ya tumbatsa. Kwalin ma da kansa yana yin laushi a inda na tara shi, dole na mayar da shi bayan firiji inda ke da ɗumi.

A cikin wannan ruwan ne ciwon korona ya shigo gidanmu. Malam ya fara, ni na bi, yarinya ta yi zazzaɓi kaɗan ta warware. Aka ɗaura mana abin hannu na roba mai ruwan hoda, aka ce kada mu fita ko ƙofa har sai an sallame mu.

Labari ya kai ga matan 'yan ƙasarmu, na Danau Kota da na Sentul har da wata a Brickfields. Kowa ya san yadda muke. Ba a zuwa dubiya hannu rabbana, kuma tunda ba damar shigowa, sai abinci ya zo a madadin mutum. Za a ƙwanƙwasa, in an jima mu buɗe mu tarar da kula a ƙofa. Farfesun kaza, faten dankali, tuwon shinkafa miyar kuka da wata ta ɓoye kukarta tun daga gida, kunun gyaɗa a fulas, soyayyiyar shinkafa da karas. Ɗaliban nan da ba su iya girki ba su yi mana tapau, wato su sayo dafaffe a shagon mamak, gidan abincin Indiyawa Musulmi, ƙunshi-ƙunshi a takarda. Kowace mace ta zubo kamar gidan mutum goma take ciyarwa, don kada a ce ta yi ƙwauro. Ni ma da haka nake yi.

Mu kuwa ba ma iya ci. Bakinmu ya mutu, hancinmu ya mutu. Farfesu da ruwan zafi duk ɗaya. Malam ya yi cokali biyu ya ture. Firijinmu ƙarami ne, ya cika har ƙofar ba ta rufuwa sosai. Abincin da ya shiga gidan masu korona kuma ba wanda za a ba, ko mai gadi ba zai karɓa ba, kuma ba daidai ba ne a ba shi. Na roƙi Malam ya faɗa wa mutane su rage. Ya rubuta musu cewa mun gode, abinci ya wadata. Suka ɗauka kunya ce, suka ƙaro.

Na fara kai wa bokitin. Na san nama da mai ba su dace da shi ba, na san ya fi ƙarfinsa. Amma in na tsaya da kula a hannu, ga ledar shara a gefe da famfas ɗin yarinya a ciki, ga baranda a ɗaya gefen, ƙafata baranda take nufa. Kwalin bayan firiji ya ƙare. Ƙarfin juyawa ma babu, in na sunkuya sai jiri ya ɗebe ni. Nakan buɗe murfin in sa hanci kamar yadda na saba, in ji babu komai, sai in ce wa kaina ƙila lafiya lau ne. Na kira Malam ya shinshina, ya ce shi ko turare aka sa masa a hanci ba zai sani ba. Tiren ƙasa kuwa na manta da shi gaba ɗaya.

Wata rana da la'asar, ruwa ya ɗan tsagaita, na ji ana kira daga ƙasa. Na leƙa. Tsohuwar da ke zaune a hawa na goma ce, daidai ƙarƙashinmu, 'yar ƙasar, muna ce mata Makcik kamar yadda kowa ke ce wa dattijuwa. Mun sha haɗuwa a lif, takan yi wa yarinyata wasa. Ta zuro kai tana kallon sama, hannu ɗaya a kan hanci duk da takunkumin da ta sa. A ɗaya hannun tana riƙe da farin mayafin sallarta, irin dogon nan da matansu ke sawa. Baƙin ruwa ya yi masa layi-layi tun daga kai har ƙasa.

"Adik," ta ce, wato ƙanwa. "Busuk lah."

Ban san kalmar ba a lokacin, amma ban buƙaci a fassara mini ba, wari take nufi. Na duba ƙasa. Tiren ya cika ya malala, ruwan ya bi ta ɗan bututun baranda yana ɗiga a kan igiyar shanyarta. Ban san tun yaushe ba. Na riƙa cewa ta yi haƙuri da Hausa, na ɗaga mata hannuna don ta ga abin roba. Ta gyaɗa kai ta koma ciki.

Na tambayi Malam ko ruwan nan najasa ne. Ya ce ruɓaɓɓen abinci ƙazanta ne amma ba najasa ba ne. Na ce akwai nama a ciki. Ya ce naman yanka ne. Na ce to tsutsa fa, in akwai? Ya ce don Allah in bar shi ya ji da numfashinsa. Na bar shi, amma ban bar kaina ba. Na yi ta lissafin ko ta taɓa ɗauke mayafin da duhun asuba ta yi salla da shi ba ta lura ba, kuma in haka ta faru, sallar tana wuyan wa.

Kashegari ofishin masu kula da benen suka kira Malam. Ba su yi faɗa ba. Sun ce maƙwabta sun yi ƙorafin wari, kuma ruwan da ke kwanciya yana tara sauro mai kawo zazzaɓin dengi, don haka da an sallame mu a fitar da bokitin. Malam ya ce boleh, wato to, ya ajiye waya. Bai kira ni Sarkin Noma ba. Ya ce, "Kin ji dai. Mu baƙi ne a ƙasar nan, kuma takardunmu a hannun mutane suke." Na ce na ji. Na juye tiren, na toshe bututun da tsumma, na naɗe bokitin da leda. Abincin da ya ci gaba da zuwa na riƙa ɗaure shi a leda ina jerawa a gefen bokitin, don har lokacin na kasa haɗa shi da shara.

Ranar da aka yanke mana abin hannu, hancin Malam ya riga ya dawo, nawa bai dawo ba. Ya ce zai ɗauki bokitin yadda yake ya sauka da shi. Na ce a'a, ni na zuba, ni zan kwashe. Da na ɗaga murfin sai ya juya da sauri ya shige banɗaki, na ji yana kakari. Ni ban ji komai ba. Na sa leda a hannu na fara ɗiba.

Abin da ya fi damuna shi ne na gane abincin kowa. Ga karas ɗin soyayyiyar shinkafa bai ko canza launi ba. Ga ƙasusuwan kazar da wata mata da ke Sentul ta dafa, wadda na san ita ma mijinta bai sami kuɗin tallafinsa a kan lokaci ba. Ga malmalar tuwo ta yi yauƙi, koren miyar kuka a jikinta, kukar da aka ɗauko tun daga gida ana tattalinta. Tsutsa fara fat tana yawo a tsakani. Na cika leda, na ɗaure, na sake sa ta a wata ledar. Na cika wata.

Da na kai wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙasa, sai hannuna ya taɓa wani abu daban. Baƙi ne, yana wargajewa a tafin hannu, babu yauƙi. Wannan shi ne na watannin baya, wanda na bi da kwali da toka. Na kankare na saman da ya taɓa ruɓar, na ɗebo na can ƙasa a hannu na kai wa Malam, na ce ya shinshina ya faɗa mini gaskiya, kada ya lallashe ni. Ya matso da hanci a tsorace, ya ja, ya sake ja.

"Ƙasa ce," ya ce. "Wallahi ƙasa ce. Kamar gonarku in an yi ruwan fari."

Dole na yarda da shi, tunda ba ni da hanyar sani.

Ledojin na kai su ɗakin shara da kaina, ɗaya bayan ɗaya. Durom ɗin ta kusa cika. Na yi ta neman inda zan ajiye su da ba za su taɓa famfas ko wani abu ba, na ga babu. Na shimfiɗa kwali a sama na ɗora su, ko da yake na san motar shara za ta zo ta matse komai wuri guda. Na yi istigfari. Na fito, na koma na gyara zaman leda ɗaya da ta karkace, na sake fitowa.

Makcik na sauka na same ta da sabon yadi fari da Malam ya sayo. Ta ƙi karɓa, ta nuna mini mayafin a wanke tas a kan kujera, ta ce ba komai. Na so in tambaye ta ko ta yi salla da shi kafin ta gani, amma ba ni da kalmomin, kuma Malam ya ce in na sa shi ya fassara wannan tambayar zai koma sama ya bar ni. Na ajiye yadin a hannun kujera na fito. Har muka bar benen ban sani ba.

Bokitin ya tafi. Baƙar ƙasar na raba ta a tukwanen fure guda uku, don ba a hana shuka a baranda ba, na watsa irin alayyafo. In yarinya ta bar loma ɗaya ko biyu, sai in tona gefen tukunya da cokali in binne, in rufe. Abin da tukwanen za su iya ɗauka ke nan. Na sayi ƙaramar tukunyar girki, na koyi awo da kofin shayi. Wani lokaci Malam yakan tashi bai ƙoshi ba, ya cika da burodi, bai taɓa cewa komai ba.

Na faɗa wa Inna duk abin da ya faru. Ta ce Allah ya ga zuciyata, kuma ciwo uzuri ne. Na ce amma da na sani da na bar shi a kuloli na mayar wa masu shi. Ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya taɓa mayar da abincin dubiya?" Na ce babu. Ta ce to in bar zancen. Na ce to.

Ba a daɗe ba ciwon ya kama gidan matar Sentul, ita da mijinta da yara. Mata suka fara shirin girki. Na ɗauko babbar kulata na wanke, na tsaya ina kallonta. Na san abin da ake jira daga gare ni, musamman ni da ta yi wa farfesun kaza guda. Na kuma san yadda firijinta zai kasance nan da jibi, ita kuma ko bokiti ba ta da shi. Na mayar da kular. Na dama kunu a ƙaramin fulas, daidai wanda za su shanye a zama ɗaya, na haɗa da lemo da busasshen dabino da ba ya lalacewa, Malam ya kai ya ajiye a ƙofa. Na yi haka kullum har suka warke.

Maganar ta dawo mini ta bakin wata, wai an ce wasu an yi musu hidima da kaza sun rama da kunu. Na kwana biyu ina juya ta a raina. Na ɗauki waya in kira matar in yi mata bayani, sai na ga in na fara dole in faɗa mata inda kazarta ta ƙare. Na ajiye wayar. Mun ci gaba da gaisawa in an haɗu, tana amsawa da fara'a daidai gwargwado, amma ba ta ƙara aiko mini da komai ba, ko da salla.